Sabulu a Gindin Kafireto

Unguwar Wambai,
Suleja.
Ranar Laraba, da hantsi.

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Hafsatu da 'yar jaririyarku. Allah ya raya ta, ya yi mata albarka. Tafiyar da za ku yi Maiduguri ranar Asabar kuma, Allah ya sa ta alheri ce, ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, ya sauke ku lafiya, amin.

Na san za ka yi mamaki. Daga ƙofar gidana zuwa ɗakin da kake haya a Kurmin Sarki, kafin mutum ya gama cin goro ɗaya ya isa, amma ga ni ina aiko maka da takarda sai ka ce kana ƙetaren teku. Dalili shi ne akwai maganar da na yi shekara biyu ina juya ta a baki, in na gan ka sai ta koma ciki. Na ce to bari in gwada alƙalami, tunda shi ba ya ganin idon mutum. Ka yi haƙuri da rubutun, bokon yaƙi da jahilci ne, hannun kuma ya fi sabawa da sifana. Gwaggonka Asabe ce za ta kawo maka, tare da wani abu a naɗe cikin ƙyalle. Kada ka kwance ƙyallen sai ka kai ƙarshen karatu.

Ita gwaggon taka ce ta gaya mini cewa kamfanin yin hanyar da ya ɗauke ka ya ba ka zaɓi, ko ka shiga garejinsu ko ka riƙe sitiyari, ka ce a ba ka sitiyari, wai kai ba ka da hannun gyara. Tun da na ji wannan magana tuwo bai ƙara yi mini daɗi ba, don na san wanda ya sa maka ita a baki. Zan zo kanta. Amma bari in fara da mota, don ni ban iya shiga magana ta wata ƙofa ba sai ta nan. Za ka tafi da Baturiya, ga ta tsohuwa, kuma tun da na saye ta a hannun Baturen nan malamin makaranta da zai koma ƙasarsu, ba wanda ya taɓa buɗe cikinta sai ni. A can ba mai sanin halinta. Ni kuwa ba ni da wani ilimin da zan ba ka guzuri sai kurakuraina, su ne nake da su da yawa.

Ka san da girmana na shigo gyara. Na gaji da bin manyan motoci ina ɗaure kaya, ga mata ga ɗa, sai na zo na durƙusa wa Oga Fidelis, mutumin kudu, wanda ya kafa garejin nan na gindin mangwaro kusa da tasha. Ba lalle ka tuna shi sosai ba. Da ƙasa ta rikice ya kwashe iyalinsa ya koma gida, ya bar mini akwatin kayan aikinsa ya ce in riƙe kafin ya dawo, har yau ina nan ina riƙe da shi. To wata rana ya tafi Kaduna sayen kaya, sai ga wani mai fataucin doya ya kawo motarsa, wai in ta ɗau zafi sai ta riƙa tari tana fizga. Ni kuwa a makon nan na koyi kwance kafireto, wato abin da ke haɗa wa injin mai da iska, ji nake duk faɗin ƙasar nan ba wanda ya kama ƙafata. Na cire shi, na baje a faranti, na wanke da fetur, na mayar. Tari na nan. Kashegari na sake. Rana ta uku ma haka, mai doya yana zaune a benci ya zuba tagumi yana kallona. Oga ya dawo ya tarar da ni tsugune gaban faranti, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Haba Audu, wetin kafireto ya yi maka? Kai ka duba wuta?"

Na ce ban duba ba.

"Wuta farko, mai baya. Kullum kullum. Ko ni ba ya nan, wuta farko."

Ya buɗe ya nuna mini kwantak, 'yan haƙoran nan biyu da ke buɗewa su rufe su ba da wuta, sun ƙone sun yi baƙi ƙirin. Ya goge su da sanfefa, ya auna tsakaninsu da kwalin ashana, ya murza makulli. Mota ta tashi kamar ba ita ba. Ashe kwana uku na yi ina azabtar da wanda bai yi laifin komai ba.

Saboda haka in mota ta fara maka tari, kada hannunka ya fara zuwa kan kafireto, ko da shi ne a sama yana kallonka. Kowa shi yake ɗora wa laifi don shi ne mai sauƙin kaiwa. Ka zare wayar fulogi ka kusantar da ita jikin injin a murza maka makulli. In tartsatsin shuɗi ne mai ƙara, wuta lafiya. In ja ne mai sanyin jiki, nemi kwantak da kwayil. Sannan ka kwance fulogi ka dubi bakinsa, shi ba ya ƙarya. In ya yi baƙi da toka kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, iska ta fi mai. In ya yi kalar soyayyar gyaɗa, mayar da abinka ka nemi ciwon a wani wuri. Ka riƙe maganar farin fulogin nan, za ta yi maka amfani kafin takardar nan ta ƙare.

Kuskure na biyu, da allurar mahaifiyarka na yi shi, Allah ya jiƙanta. Jet ɗin wata mota ya toshe mini, wato 'yar ƙusar tagullar nan mai ƙaramar huda da mai ke bi, na busa na busa ya ƙi. Na shiga gida na zare allura daga jikin ɗinkinta ba sallama, na zo na sossoke hudar. Ta buɗe kuwa, har ta wuce yadda aka yi ta. Motar ta koma shan mai kamar raƙumi, hayaƙi baƙi yana bin ta a baya, mutanen tasha suna tambayata ko gawayi nake zuba mata. Na koma gida kuma na tarar ana cigiyar allura. Jet ba a soka masa ƙarfe. A jiƙa shi a fetur, a hura da famfon keke, in ya ƙi a sake jiƙawa. Haka kuma 'yar kusar nan ta gefe da ke daidaita mai da iska, kada ka taɓa murza ta ba ka ƙirga ba. Ka fara shigar da ita a hankali har ta zauna, kana ƙirga zagaye, ka rubuta a jikin bango ko a tafin hannunka. In gyaranka bai yi ba, ka san inda za ka koma. Na sha ɓata a kan kusar nan don na raina ƙirga.

Na uku shi ne wanda in na tuna nake dariya ni kaɗai a gareji, har masu wucewa su ɗauka tsufa ya fara taɓa ni. Shekarar da na sayi Baturiya, na ɗauki mahaifiyarka za mu Minna gaisuwar 'yan'uwanta. Murfin tanki ya ɓata, sai na sassaƙa toshiya ta itace, na naɗe ta da robar tsohon tayar keke, na buga ta ta zauna gam, ina ta yabon kaina. Mun wuce Diko kaɗan sai mota ta yi sanyi ta mutu. Na buɗe kafireto, ba mai. Na je na zare toshiya na leƙa tanki, ga mai nan cike. Na dawo na murza, ta tashi. Mil biyar ta sake mutuwa. Na zagi famfon mai, na kwance shi a bakin hanya, na hura tiyo har kaina ya yi jiri. Ita mahaifiyarka tana zaune a inuwar ɗorawa da kwandon tsarabarta, tana fifita da gefen mayafi. A tsayawa ta uku ta ce, "Malam, ni fa duk sanda ka zare itacen nan nakan ji ta ja numfashi, fuu, kamar wanda aka danne wa hanci. Anya ba shaƙe ta ka yi ba?"

Na ce, "Ladi, ki ji da kwandonki. Yaushe mata suka fara gyaran mota?"

Ta ci gaba da fifitarta. Sai da muka sake tsayawa sau biyu, rana ta take, sannan na zagaya baya kamar mai duba taya, na ɗauki ƙusa na huda toshiyar. Har Minna motar ba ta ƙara ko atishawa ba. Na ɗauka ba ta gan ni ba. Muna shiga gari ta ɓantari goro ta miƙo mini, fuskarta a gefen taga, kafaɗunta suna rawa. Shekara goma sha wani abu bayan nan, in na cika baki a gida, ba ta musu da ni, sai dai ta ce "fuu" ta ci gaba da tankaɗenta.

Tanki yana bukatar iska ta shiga kafin mai ya fita, wannan ka sani. Abin da nake so ka ɗauka shi ne, duk wanda ya ce maka ya ji wani abu a mota, ko mace ce, ko fasinja, ko makaho, ka tsaya ka saurara. Kunne ba ya tambayar sana'ar mai shi. Mahaifiyarka tana da kunnen da ni ban da shi, kuma ba da shi aka binne ta ba, ta bar wa wani. Wallahi ina kewarta, ina kewar wannan "fuu" ɗin fiye da yadda zan iya rubutawa.

Yanzu na iso inda alƙalami yake yi mini nauyi.

Kai ne ɗan farina. Yadda muka tarar iyayenmu suna yi haka muka yi, aka kai ka wurin kakarka a Kurmin Sarki tun kana tatata, ban ɗauke ka a gaban mutane ba, ban taɓa kiran sunanka ba. Da kana ƙarami "kai" nake ce maka, da ka girma ka koyi tuƙi na samu sauƙi na koma ce maka Direba. Ita ma mahaifiyarka kunyar take yi, amma ita ta san yadda ta bi da ita. Sai ta ce a gaya wa mutumin Kurmin Sarki an yi dambu, kafin a sauke tukunya ka iso. Ni kuwa sai in zauna a zaure kamar ban san ka shigo ba, alhali tun daga kwanar masallaci na gane takunka. Da ka fara zuwa gareji kana kama mini aiki, duk sanda na ga ka ɗora sukudireba a kan abu sai in karɓe in ce kawo nan. Ba don ba ka iya ba ne. Ban san yadda uba yake tsayawa kusa da ɗan farinsa hannu sake ba, sai da wani abu a hannun.

Da ta rasu, dambu ya ƙare, kai ma ka ƙare. Ba na zarginka. Ka zo ka zauna kwanakin zaman makoki, ka zo sadakar arba'in, daga nan sai gaisuwar tsaye a bakin zaure, ina kwana ina gajiya, ka sunkuyar da kai na sunkuyar da kai, ka wuce. Ba mu da abin cewa, mai fassara mana juna ta tafi. Na ba ka Baturiya ka riƙa jigilar Kaduna da ita, ina ganin ko hakan zai jawo ka, sai ma ya ƙara nisanta ka, kullum kana hanya. Na yi wata uku ina jin wucewarka ta bakin tasha. Gari ya cika da baƙi masu neman haya, kowa yana maganar sabon birnin da za a gina, har sunan garinmu an kwance an kai can, ni kuwa gidana shiru kamar an yi shara.

Sai wata Juma'a da safe na ji Baturiya ta shawo kwana tana tari. Ka tsaya gindin mangwaro ka fito ka ce, "Baba, ba ta silo. Da na ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu." Muka buɗe bonet muka sunkuya, kanka kusa da kaina. Rabon da in ji numfashinka kusa haka, tun ranar da aka yi maka aski na suna. Muka yi awa biyu a kanta, ka ba ni labarin hanya, ka ba ni labarin wani fasinja da ya shigo da akuya ya ce ƙanwarsa ce, na yi dariya har da hawaye. Da lokaci ya yi muka tafi masallaci tare, muka dawo muka ci waina a benci ɗaya.

Tun a minti goma na farko na gano ciwon. Gasket ne, ɗan faifan takardar nan da ke tsakanin gindin kafireto da wuyan injin, ya tsage ta baya, ta wajen da ido ba ya kaiwa, iska tana satar hanya tana shiga. Aikin rabin awa ne. A ranar da la'asar na yanka sabo, na huda shi, na daidaita. Na ɗauko zan aika a kira ka, sai na tsaya da shi a hannu. Na ce a raina, in na ɗaura wannan, sai yaushe kuma? Na rataye shi a ƙusa a bayan ƙofar ɗakina.

Abin da na yi maka a maimakonsa, ga shi. Lokacin da ka zagaya yin alwala, na gutsuri sabulun wanki, na jiƙa shi da yawu na murza ya yi laushi, na cusa a tsagar da babban yatsa, na ɗan buɗe kusar mai don ta rufe sauran. Mota ta yi silo lafiya lau. Na san zafin injin zai busar da sabulun a kwana shida ko bakwai, ya ruɓushe ya zube. Haka kuwa aka yi. Juma'a ta zagayo, sai ga ka. Daga nan ya zama kullum akwai gutsuren sabulu a aljihun rigar aikina. Har na ce maka kada ka kuskura ka cire kafireton daga mazauninsa, wai zaren notinsa ya mutu. Ƙarya nake yi, zaren lafiyarsa ƙalau.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce wautar tsoho ce, Allah ya yafe. Amma a Juma'a ta huɗu ko ta biyar, muna sunkuye injin yana aiki, ka ɗaga hannu ka ce in yi shiru. Ka karkata kai, daidai yadda mahaifiyarka take yi. Ka ce, "Baba, ina jin wani ɗan tsss a gindin kafireto, ta baya. Kamar iska ce take shiga."

A cikin ƙarar injin da ta fanka da hayaniyar tasha, ka ji abin da ni sai da na sa tiyo a kunne na lalubo shi. Oga Fidelis kansa ban tabbata zai ji shi haka ba. Abin da ya kamata in yi shi ne in dafa kafaɗarka. Sai na ji bakina yana cewa, "Kunnenka ne. Fambel ne yake gogar wani abu. Je ka ɗebo ruwa a zuba a lagireto." Ka dube ni, ka ce to, ka ɗauki bokiti. Ba ka ƙara ce mini ka ji wani abu a mota ba, har yau.

Ka tuna ranar Alhamis ɗin nan ta daminar bara a Sabon Wuse, ba sai na tuna maka ba. Ka taso daga Kaduna da fasinja cike, ka ratsa ruwan da ya kwanta a hanya, mota ta mutu a tsakiyar kasuwa ta ƙi tashi. Kai ba ka san dalili ba, ni na sani, ruwa ne ya fantsamo ya wanke sabuluna kwana ɗaya kafin lokacinsa. An gaya mini yadda ka tsaya a cikin ruwan sama kana murza kusa gaba da baya, ka buɗe saman kafireto ka hura ka mayar, fasinja suna ta faɗa maka baƙaƙen maganganu. Wani har ya ce, "Wai ɗan bakanike ne guda, dubi abin kunya." Mai tifa ne ya jawo ka da igiya. Ka iso gareji bayan la'asar, jiƙe sharkaf, ka tsaya ruwa yana ɗiga daga haɓarka, ka ce, "Baba, ni dai Allah bai ba ni wannan hannun ba."

Hannuna yana cikin aljihu a kan sabulun. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Sannu. Je ka sake kaya." Kashegari kuma na ƙara cusa wani, har na ninka. Ina so ka san wannan ma, kada ka ɗauka na tuba tun ranar. Ban tuba ba, na ci gaba har Juma'ar da ta wuce. Tsoro nake ji. In na faɗa maka gaskiya, na rasa Juma'a, wataƙila in rasa ka gaba ɗaya. Ban lura ba ashe abin da nake tsoro shi nake ginawa da hannuna, don da ka yarda da hannunka, wataƙila da yanzu kana gindin mangwaron nan akwatin Oga yana hannunka, ba ka neman aiki a wata uwa duniya.

To yanzu kwance ƙyallen. Gasket ɗin ne, shekararsa biyu a bayan ƙofata, na shafa masa ɗan man giris don kada ya bushe. Na so in karɓi motar in ɗaura da kaina in yi shiru, ka tafi ba ka sani ba. Na ga wannan ma wata satar ce. Kai ka ji tsagar, kai za ka rufe ta. Kafin ka kwance komai, ka tayar da injin, ka tsoma gashin kaza a fetur ka ɗiga kaɗan a gindin kafireto ta baya, ban da mai sigari a kusa. Za ka ji muryar injin ta ɗaga. Wannan ita ce shaidar kunnenka, ina so ka ji ta da kanka. Ka kwance fulogi ɗaya kuma ka ga farin da na gaya maka. Sannan ka bar ta ta huce, ka cire notin, ka kankare tsohon gasket da ragowar sabuluna tas, ka ɗora sabon. In za ka ɗaure, kaɗan nan kaɗan can, kada ka gama da ɗaya kafin ka taɓa ɗan'uwansa. Kusar mai na bar ta a zagaye uku da rabi don rufa wa ƙaryata asiri. Mayar da ita wajen biyu, ka bari injin ya ɗau zafi, daga nan kada ka tambayi kowa, kunnenka zai gaya maka inda za ka tsaya.

In kun isa Maiduguri, ka je wurin shugaban garejin kamfanin ka ce ka sake shawara. Ban ce tuƙi abin raini ba ne, da shi ka riƙe gidanka. Amma kada ka zaɓe shi saboda maganar da aka gina a kan gutsuren sabulu. Na yi shekara ashirin da wani abu a gindin mangwaro, masu hannu na gani da yawa, masu kunne ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma kana cikinsu.

Sai maganar jaririyarku. Ita ma 'yar fari ce. Ban ce ka watsar da kunya ba, da ita aka san mu. Amma in kun shiga ɗaki ba kowa, ka ɗauke ta, ka kira sunanta ta ji a bakinka. In ta girma kana son ganinta, ka aika a ce mata kana son ganinta, kada ka tsaya neman dabara. Hafsatu kuma in ta ce ta ji wani abu, a mota ne ko a gida, ka tsaya ka ji. In za ka rubuto mini, ka sa Suleja a bayan ambulan, kada hannunka ya suɓuce ka rubuta Abuja a kai takardata daji wurin masu awon ƙasa. Ko layi biyu ne ya ishe ni, ina da mai karanta mini in idona ya gaza.

Ina roƙonka gafara. Ban taɓa faɗa wa wani mahaluki wannan kalma a rubuce ba. In zuciyarka ba ta sauko ba kafin ku tashi, ba zan ga laifinka ba, ka tafi da albarkata duk da haka, ba ta da sharaɗi.

Jibi Juma'a. In ka ɗaura gasket ɗin gobe, Baturiya ba ta da sauran abin da za ta zo nema a wurina. Ni dai zan share gindin mangwaro, in fito da benci, in ce wa mai waina ta ajiye ta mutum biyu, kamar kullum. Sabulun na ba gwaggonka ta yi wanki da shi. Zan zauna in kasa kunne wajen kwanar tasha, ka san ina gane motar nan tun kafin ta bayyana. Shekara biyu tarinta nake jira. Wannan karon in na ji ta shawo kwana tana tafiya sumul, ba tari ba fizga, to na san ba ita ta kawo ka ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa ku sauka a hannun mutanen kirki. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya albarkaci hannunka da abin da zai taɓa, ya jiƙan mahaifiyarka, ya sa in sake jin takunka a ƙofar zaure ina da rai. Ka gaishe da Hafsatu, ka shafa mini kan yarinya.

Allah ya yi maka albarka, Haruna.

Ni ne mahaifinka,
Audu Bakanike.